Kafin Katafila Ta Iso: Jawabi Kan Gadar Ƙasa da Takardar Binciken Muhalli



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, shugabannin layukan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, 'yan'uwa da ƙannenmu matasa, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gode wa kwamitin shirya taro da ya ga ya dace a ba mu wannan dama. Mu dai ba injiniyoyi ba ne, ba kuma lauyoyi ba. Karatunmu na allo ne da Islamiyya, sai abin da kasuwa ta koya mana cikin shekara talatin da ɗoriya. Saboda haka in an ji tuntuɓen harshe, a yi mana afuwa.

Abin da aka ce mu yi magana a kai shi ne manyan ayyukan hanya da ake yi a tsakiyar gari, musamman gadar ƙasa, da kuma wata takarda da doka ta ce a rubuta kafin a fara irin wannan aiki, wadda yawancinmu ba mu taɓa ganin ko bangonta ba.

Kowa a nan shaida ne cewa a zangon mulki na biyu na Gwamna Bala Muhammad, Ƙauran Bauchi, wanda ya fara a 2023, an ɗauko aikin gadojin sama guda biyu a cikin garin nan, ɗaya a Wunti, ɗaya a shataletalen Babbar Kasuwa. Duka wuraren biyu bakin abincinmu ne. To wanda ke zuwa Kano sarin kaya ya san yadda abin yake tafiya. A mulkin Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, aka kuma yi gadar ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga. Ganduje ya zo ya yi ta Ƙofar Ruwa, ya yi ta Dangi da ta Hotoro, inda mota ke bi ta sama, ta tsakiya, ta ƙarƙashi. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta ɗauko ta Ɗan Agundi da Tal'udu. Wato da zarar gari ya ɗanɗana gadar sama, ta ƙasa tana nan tafe. Ba irin dogayen ramukan nan da alhazai suka sani a duwatsun Makka ba, a'a, gajeren rami ne da ake haƙawa a mahaɗar hanya, a yi masa bango da rufi, mota ta nutse ta ɓullo gaba. Amma gajartarsa ba ta hana shi taɓa rayuwar duk wanda ke kewaye da shi.

Mu faɗa tun da wuri, don kada a ɗauki maganarmu a kai ta inda ba mu aike ta ba: ba mu ƙin hanya. Ɗan kasuwa ya ƙi hanya, ai ya ƙi kansa. Hanya ce ta kawo mu garin nan. Wasu kakanninsu da jakai suka zo fatauci daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗejiya, wasu iyayensu jirgin ƙasa ne ya sauke su bayan layin dogo ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960, wasu kuma sai bayan an ƙirƙiro jiha a 1976 suka biyo arziki. Mutanen gari suka karɓe mu, muka yi aure, muka haifa, muka binne iyayenmu a nan. Wanda ya taɓa tsayawa a Wunti da yamma ana cunkoson Keke Napep da 'yan acaɓa ya san gari na bukatar gyara.

To ina matsalar take? Matsalar tana ga wata dama da doka ta ba mu, mu kuma muke barinta tana wucewa muna barci.

Bari mu ɗan koma baya. A 1988 aka gano wasu ganguna na dattin masana'antu masu guba, tan sama da 3,000, da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, can tsohuwar jihar Bendel, wadda yankin yanzu yake cikin jihar Delta. Mutanen garin ba su san abin da aka ajiye musu ba sai da jaridu suka tona. Wannan abin kunya shi ya sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen wannan shekara. A 1992 kuma ta yi dokar soja mai lamba 86, wadda ta ce kafin a yi babban aiki, na gwamnati ne ko na kamfani, sai an binciki irin illar da zai yi wa muhalli da mutanen wurin, an rubuta rahoto. Ma'aikata suna taƙaita sunan rahoton da EIA. A riƙe waɗannan haruffa uku, domin in ka je ofis da su za ka tambaya. Tun 1999 ma'aikatar muhalli ta tarayya ce ke kula da wannan aiki, a nan jiha kuma muna da ma'aikatar muhalli da hukumar BASEPA.

Dokar ta jero ayyukan da lallai ne a yi musu cikakken bincike, kamar manyan hanyoyin ƙasa, layin dogo, filin jirgin sama da madatsun ruwa. Mai son gardama zai iya cewa gada guda a cikin gari ba ta cikin jerin. Amma dokar ba ta tsaya ga jerin kaɗai ba, ta ce duk aikin da ake ganin zai yi babban tasiri ga muhalli a duba shi tun da farko. Kuma ga inda ya shafe mu: ta ce kafin hukuma ta yanke hukunci, a ba jama'a da masana da ƙungiyoyi dama su faɗi ra'ayinsu. Ƙungiyoyi fa aka ce, jama'a. Irin tamu ke nan. Yadda aka saba yi shi ne a sa sanarwa a jarida da rediyo, a ajiye rahoton a ma'aikata da sakatariyar ƙaramar hukuma har kwana 21 na aiki, kowa ya je ya karanta, ya rubuta ƙorafinsa, daga baya masana su zauna su tantance, a kira mutanen wurin.

Yanzu muna tambaya, kuma da kanmu muke farawa: a cikin zauren nan, wa ya taɓa zuwa sakatariya ya ce a nuna masa wannan rahoto, na kowane aiki, tun da aka kafa ƙungiyar nan? Kun gani. Ba hannu ko ɗaya. Mu ma namu yana ƙasa.

Mun san dalili, kuma gara mu faɗe shi a fili tunda mu-ya-mu ne. Akwai wani tsoro da ke zuciyar wanda ake kira baƙo, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Yana ganin in ya ɗaga murya za a ce daga ina ya zo, ko a ce 'yan adawa ne suka turo shi. Sai ya ce baƙo raɓa ne, ya ja bakinsa. To amma dokar nan ba ta tambayi takardar shaidar asalin kowa ba. Wanda aikin zai shafa shi ne mai haƙƙin magana. Kuma rubuta ƙorafi cikin ladabi a lokacin da hukuma da kanta ta ce a kawo, wannan amsa kira ne. Abin da ke jawo baƙin jini shi ne a yi shiru har katafila ta iso, sannan a fito titi ana ƙona taya. Ihu bayan hari ke nan.

In an ba mu rahoton, me za mu duba? Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ruwa.

Gadar sama ruwa zubowa yake daga kanta. Gadar ƙasa kuwa kwano ce, ruwa nemanta yake. Duk ruwan da ya sauka a titunan da ke kewaye, in ba a tare shi ba, can zai gangara. Hanya biyu ce ake fitar da shi: ko a samu gangare a ja masa babbar magudana zuwa rafi, ko kuma a sa injin da zai riƙa zuƙo shi sama. In inji ne, to da wace wuta? Kowa ya san da zarar hadari ya haɗo ake ɗauke wuta. In janareta ne, wa zai sayi man, wa zai kwana a wurin cikin watan Agusta da ƙarfe biyun dare? Bayan ɗan kwangila ya miƙa aiki ya tafi, a kasafin wace hukuma aka rubuta gyaran injin? Ga leda da ke toshe mana kowane kwalbati. Waɗannan tambayoyi ba sa bukatar digiri. Duk wanda ya taɓa kwashe ruwa da bokiti daga shagonsa ya isa ya yi su.

Kada a ce muna tsoratar da mutane. A watan Yuli na 2023, a ƙasar Koriya ta Kudu, inda ba a ɗauke wuta kamar nan, kogi ya ɓalle shingensa a wani wuri da ake kira Osong, ruwa ya cika wata gadar ƙasa cikin 'yan mintoci da motoci a ciki har da bas. Mutum 14 suka rasu. Aka yi ta tuhumar hukumomi don me ba su rufe hanyar ba alhali an yi gargaɗin ambaliya. Saboda haka a rahoto muna so mu ga wa ke da alhakin rufe hanya in ruwa ya yi yawa, da me zai rufe, kuma ina motoci za su bi.

Sannan ruwan da aka fitar, ina za a kai shi? Nan ne talaka ke cutuwa. A tsamo gada a nutsar da unguwa. Waɗanda ke sari a Kantin Kwari ba su manta daminar 2022 ba, da ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa atamfa da shadda da leshi na maƙudan kuɗi, aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Akwai 'yan ƙungiyar nan da diloli suka jiƙe musu a wannan rana. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Dattijon unguwa ya san inda yake bi tun kafin a zuba kwalta, injiniyan da aka ɗauko daga Abuja ya zo da rani ya yi awo na sati biyu bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu je mun faɗa ba, ba za a rubuta ba.

Garin nan kuma a kan dutse yake, kowa ya duba ta kowace kusurwa zai gani. In haƙa ta ci karo da fa, sai an fasa, ko da inji ko da nakiya. Gidajen ƙasa na cikin gari da tsofaffin shaguna za su jure girgizar? In bango ya tsage wa zai biya, kuma ta yaya za ka tabbatar ba tsohuwar tsaga ba ce in ba ka ɗauki hoto tun kafin a fara ba? Ga rijiyoyi, domin rami mai zurfi yana iya janye ruwan rijiyar maƙwabta. Ga bututun ruwan Gubi da ke binne ƙarƙashin tituna, wanda in aka datse shi unguwa sai ta koma hannun 'yan ga-ruwa. Ga ƙura, wadda mai sayar da yadi da mai garin masara da mai tsire duk sun san abin da take yi wa kaya.

Akwai kuma mai tafiya da ƙafa. Irin waɗannan gadoji don mota ake zana su. Da an sa bango da shingen ƙarfe, titin da da kake tsallakawa ka je sallah ko ka karɓo canji ya zama sai ka yi zagaye mai nisa. Yaro ɗan makaranta fa? Makaho da ɗan jagoransa? Ɗan dako da buhu a ka, da mai baro? Kasuwa da ƙafa take ci. Shagon da mutane suka daina bi ta gabansa ya mutu ko ba a taɓa masa bulo ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar diyya, kuma a nan muke roƙon a saurara da kyau, domin a nan ne mu mazauna muka fi rauni. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da aka ɗora a kan filin ce, wato gini da shuka da makamantansu. Ba ta san asarar ciniki ba. To mu duba kanmu: mutum nawa ne a nan ke cikin shagon kansa? Yawancinmu haya muke. Mai tebur, mai rumfa, tsohuwar da ke suyar masa a bakin titi tun muna samari, wadda da kaskon nan ta aurar da 'ya'yanta, duk ba su da takarda.

Mun ɗanɗana wannan da kanmu shekarun baya, a wani gari da ba sai mun ambata ba. Muna da shago na haya a bakin hanya, mun shekara goma sha a ciki. Wata safiya muka tarar an shafa jan fenti a bango. Mai ginin ya karɓi diyyarsa, kuma halalinsa ne, ba mu ga laifinsa ba. Mu kuwa muka kwashe kaya a kura zuwa wani lungu. Abin da ya fi ciwo ba kantar da muka kafa da kuɗinmu ba ce. Littafin bashi ne. Mutanen ƙauye da ke karɓar kaya sai kaka su biya, suka zo ba su gan mu ba, wasu sun neme mu tsakani da Allah, wasu kuwa sun samu hanya. Sai da muka shekara biyu kafin mu miƙe. Da a ce sunanmu ya shiga wata takarda tun farko, ko wurin komawa aka nuna mana, da abin bai kai haka ba.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. In kuɗin aiki daga Bankin Duniya ya fito, ƙa'idarsu ta tilasta a ƙidaya duk wanda aikin zai tasa, har ɗan haya da wanda ba shi da takarda, a tsara yadda za a taimaka masa ya koma sana'arsa. Saboda haka tambayar farko da za mu riƙa yi ita ce, kuɗin daga ina? In ma na jiha ne, ba abin da ya hana mu roƙi a yi mana irin wannan ƙidaya, tunda an san ana yinta.

Wani zai ce, Alhaji, duk wannan ɓata lokaci ne, gwamnati in ta yi niyya ta gama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tarar da aka rubuta wa kamfani a dokar 1992 ba ta wuce naira miliyan 1 ba. A wancan lokaci kuɗi ne, yau kuwa ko rabin kuɗin sabon Keke Napep ba ta kai ba. Mun kuma ga abin da ya faru da hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wadda aka fara a 2024: ana rusau a bakin teku a Legas, jama'a da masana suna ta tambayar ina rahoton muhalli. To in an yi wa masu otal a Legas haka, ina ga mai tebur a Bauchi?

Amma a duba ɗaya gefen. A birnin Landan an yi shekaru ana jayayya kan wata hanya da aka haƙa ƙarƙashin kogin Thames, ana kiranta Silvertown. Mazauna unguwannin suka ce za ta ƙara musu motoci da hayaƙi. Ba su hana aikin ba, an buɗe hanyar a watan Afrilu na 2025. Sai dai an ɗora wa hukuma sharaɗin auna iskar unguwannin, an sa motocin bas masu bi ta ciki kyauta a farkon buɗewa, an kuma yi wa masu ƙaramin ƙarfi na yankin ragin kuɗin wucewa. Mu ma abin da muke nema bai fi ƙarfin a yi ba: a faɗaɗa magudana, a bar mana wurin tsallakawa kusa da ƙofar kasuwa, a yi aikin ɓangare-ɓangare kada a rufe hanya gaba ɗaya, kada a fara rusau ana saura sati biyu Sallah, a nuna wa masu tebur inda za su koma kafin a tashe su. Irin waɗannan a kan takarda ake gyara su da biro. In an zuba kankare kuwa, shi ke nan.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a fitar da mutum biyar ko bakwai, a sa mace aƙalla ɗaya a ciki, domin masu masa da ƙosai da 'yan tallan nono ba za su zo su faɗa wa maza damuwarsu ba. A haɗa su da 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Mun biya musu kuɗin makaranta da kuɗin kasuwar nan, yau ga ranarsu. Rahoton da Turanci yake zuwa, shafi ɗaruruwa, su karanta su fassara mana. Mu kuma rubuta wa ma'aikata mu roƙi a riƙa fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa, a karanta a gidan rediyon jiha, domin sanarwar da aka maƙala a shafin ciki na jaridar Turanci ba ta iso kasuwa ba.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran kowa. A buɗe rajista, layi-layi: sunan mai shago ko tebur, abin da yake sayarwa, shekarunsa a wurin, yaran da ke ci a ƙarƙashinsa. Kowa ya adana rasidin haya da na harajin ƙaramar hukuma, a daina ƙunshe gyaɗa da su. A ɗauki hoton shago ciki da waje. Duk takardar da za mu kai ofis a yi ta biyu, a buga mana hatimi da kwanan wata a kan tamu. Kuma kada mu tafi mu kaɗai. Ruwan da zai ci shagon Bakano shi zai ci gidan Bageri da na Bafulatani da shagon Inyamurin da ke maƙwabtaka da mu. A bi ta hannun masu unguwanni da hakimai, a sanar da fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi, a tafi tare da shugabannin kasuwa na gari, takarda ɗaya, sa hannu da yawa.

Mun roƙi sakatare ya zo da littafi, ga shi can a bakin ƙofa tare da matasa biyu masu rubutu. Waɗanda ke Wunti da Babbar Kasuwa su fara ba da sunayensu yau kafin a watse, na Muda Lawal da sauran wurare kuma za a bi su har rumfunansu a cikin satin nan. Wanda yake da rasidi a gida ya kawo ranar taro na gaba a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa.